Yadda Ake Shirya Yawon Tsaunin Mambila: Daga Tashar Jalingo Zuwa Ƙolin Chappal Waddi

Tun da hotunan Mambila suka fara yawo a wayoyi, tambayoyin da ake aiko mini ba sa wuce huɗu: ta ina ake bi, yaushe ake zuwa, me ake ɗauka, sannan mutumin da bai taɓa hawa abin da ya wuce Dutsen Dala ba zai iya kai wa ƙolin Chappal Waddi? Amsar ta ƙarshen ita ce zai iya, in dai lafiyarsa ƙalau kuma ya bi abin daki-daki. Ba dutsen ne ke kayar da mutane ba. Abin da ke ɓata tafiyar yawanci daga gida ake tahowa da shi: watan da aka zaɓa, takalmin da aka sa, da birkin motar da aka hau.

Ga wanda bai san wurin ba, Mambila tana cikin ƙaramar hukumar Sardauna ta jihar Taraba, a bakin iyakar Kamaru, kuma Gembu ce hedkwatarta. Tudu ne da ya kai wajen mita 1,600 sama da teku, samansa filin ciyawa mai hawa da gangara iya ganinka, ga shanu ko'ina, ga kurmi a cikin kwaruruka. A gefensa gandun dajin Gashaka-Gumti yake, wanda ya fi kowane gandun daji na ƙasa girma a Najeriya, kuma a cikinsa Chappal Waddi yake, mai mita 2,419, wurin da ya fi ko'ina bisa a ƙasar nan.

1. Fara da zaɓen wata

Kada ka nemi hutu a wurin aiki sannan ka tambayi yanayi. Yanayi za ka fara dubawa, hutun ya biyo baya.

Daminar Mambila doguwa ce, ba irin ta Kano ko Katsina ba. Ruwa kan sauka tun wajen Maris ko Afrilu, bai ɗaukewa sai ƙarshen Oktoba, wani lokaci har ya taɓa Nuwamba. Hotunan nan masu kore shar da suka ja hankalinka, na damina ne. Abin da hoton bai nuna maka ba shi ne taɓon da babur ke nutsewa a ciki, da rafin da aka tsallake da safe ya zama kogi da la'asar, da hazon da ke rufe tsauni har ka kasa ganin wanda ke gabanka.

Daga Disamba zuwa Fabrairu hanya ta bushe, tafiya ta yi sauƙi, amma ciyawa ta koma ruwan ƙasa, makiyaya sun fara sa mata wuta don sabon toho, ƙurar hunturu kuma takan tare hangen nesa. Sanyin dare a wannan lokacin ba wasa ba ne.

Ni dai in za a bi ta tawa, tsakiyar Nuwamba zuwa farkon Disamba ya fi. Ruwa ya ɗauke, ciyawa ba ta gama bushewa ba, sama garau. Wanda burinsa hawan Chappal Waddi ne kawai, ko Janairu ma ya yi. Wanda kore yake so ya gani, ya yarda ba zai yi nisa da bakin titi ba, yana iya zuwa da damina.

Gargaɗi: kada ka sa hawan ƙoli a watan Agusta ko Satumba don kawai lokacin ne yara ke hutun makaranta. Lokacin ruwa ya fi ƙarfi.

2. Tsayar da abin da za ka je yi

Mutane kan haɗa komai a kwana uku, su dawo ba su ga komai ba sai cikin mota. Zuwa daga Jalingo yini ne cur, dawowa ma haka. Saboda haka:

In yawon ido ne, da ɗan tattaki, da hawan doki, da ziyarar gonar shayi, ware kwana biyar har da tafiya. In da hawan Chappal Waddi, ware mako guda, ka kuma bar kwana ɗaya a sake wanda ba ka sa masa komai ba, don mota na iya lalacewa ko hazo ya hana tashi. In kana son kamun kifi da kallon namun daji a ƙasan Gashaka, ƙara kwana biyu.

3. Nemi ɗan gari, ka nemi izini

Kafin ka biya kuɗin mota, samu mutum ɗaya da ke zaune a Gembu, Nguroje ko Serti, garuruwan da ke kan hanyarka, wanda za ka kira a waya. Ba wuya ba ne: direbobin layin a tashar Jalingo, malamin makaranta, ɗan kasuwar da ke sauko da ayaba ko dankali. Tambaye shi abu uku: lafiyar hanya a makon nan, ko akwai gadar da ruwa ya ci, da kuma zaman lafiyar yankin da kake son shiga. Mambila ta ga rikicin fili tsakanin manoma da makiyaya, wanda ya fi muni a 2017, kuma hanyoyin Taraba, kamar na sauran wurare, suna da ranakun da ba a bin su da dare. Labarin bara ba ya amfani. Na wannan makon kake nema.

Sai izini. Chappal Waddi a cikin gandun daji yake, ba a hawansa kai tsaye. Ofishin gandun yana Serti, a kan hanyarka ta zuwa. Nan za ka tsaya ka rubuta suna, ka biya kuɗin shiga, ka karɓi rasit, a haɗa ka da ma'aikacin gandun da zai raka ka ko a sanar da waɗanda ke sansanin da za ka bi. Ka isa a ranar aiki, da sauran rana.

Gargaɗi: riƙe katin shaidarka na ɗan ƙasa a aljihu, ba a ƙasan jaka ba. Yankin iyaka ne, shingayen bincike suna da yawa, kuma baƙo mai jakar goyo da kyamara dole a tambaye shi inda ya nufa. Amsa a natse, nuna rasit ɗin gandu, ka wuce.

4. Kayan da za ka ɗauka

Nan ne aka fi yin kuskure, don mutumin da ya tashi daga zafin Jalingo ba ya yarda cewa yau ɗin nan zai nemi bargo biyu. Ƙa'idar ita ce duk hawan mita dubu, zafi kan ragu da wajen digiri 6. Ƙara iska a kai, ƙara jiƙa, ka ga inda aka nufa.

Takalmi shi ne kan gaba. Kambas mai kaurin ƙasa da zane mai kama ƙasa, wanda ya rufe idon sawu in da hali. A 'yan gwanjo ana samun masu kyau da araha. Sharaɗi ɗaya: kada ka sa shi sabo ranar hawa. Yi yawo da shi mako biyu ko uku a gida tukuna, in zai ci maka dunduniya ya ci tun kana kusa da silifas ɗinka. Safa mai kauri ƙafa uku ko huɗu, ɗaya a ƙulle cikin leda don barci kawai.

Tufafi kuwa, sirara uku sun fi ƙatuwa ɗaya. Riga ta ciki irin ta 'yan ƙwallo mai saurin bushewa, rigar sanyi a kai, sai rigar ruwa mai tare iska a waje. Kana hawa za ka yi gumi ka cire, kana tsayawa ka mayar. Rigar auduga in ta sha gumi ba ta bushewa, sai ta manne a baya ta riƙa zuba maka sanyi, shi ya sa shadda da wandon jins ba su da wuri a kan dutse. Hular sanyi da safar hannu ba kwalliya ba ce. Mata su sa wando mai kauri a ƙarƙashin doguwar riga ko zani, hijabin kuma ya zama wanda bai wuce gwiwa ba, don dogo yana kama iska, yana kuma maƙalewa a waya mai ƙaya.

Sauran: tocilar goshi ko ta hannu da batir na ajiya, abin cajin waya na tafi-da-gidanka, usur, wuƙa ƙarama, ashana a cikin leda, gorar ruwa mai cin lita biyu, tukunya ƙarama, da manyan ledoji da za ka zuba kaya ciki kafin ka sa a jaka. Mai kwana a daji ya ƙara tanti, tabarmar roba da jakar barci ko bargo mai kauri. Sanyi ta ƙasa yake shiga, don haka abin shimfiɗa ya fi abin rufa muhimmanci.

Magani: filasta, bandeji mai naɗewa don targaɗe, farasitamol, garin gishiri da sukari na kemis, man shafawa na korar sauro, da duk maganin da kake sha kullum, har da rarar kwana uku. Mai asma, mai hawan jini, mai ciwon zuciya ko sikila ya ga likitansa kafin ya sa rana. Wannan ba shawarar cika takarda ba ce. Sanyi, gajiya da ƙarancin ruwa a jiki su ne ainihin abubuwan da ke tayar da ciwon sikila.

Abincin hanya kuwa namu na gida ya fi duk wani na gwangwani: dabino, ƙuli-ƙuli, soyayyar gyaɗa, kilishi, garin kwaki da sukari, ganyen shayi. Ba sa lalacewa, ba su da nauyi.

Akwai kaya ɗaya da ba a saye a kasuwa, wato ƙafa. Wata guda kafin tafiya, fara tattakin awa ɗaya kullum bayan asuba, da jaka a baya mai ɗan nauyi. In akwai bene ko tudu kusa, hau ka sauka har sai cinya ta yi tsami.

5. Hanya, da hawan tsaunin da mota

Daga Jalingo za ka bi ta Garba Chede zuwa Bali, daga Bali zuwa Serti, sai Mayo Selbe a gindin tsauni. Daga nan hawa ya fara, ka fito Maisamari, ka wuce Nguroje, ka gangara Gembu. Tashi da asuba. Burinka shi ne ka gama hawan kafin la'asar sakaliya, don hazo da duhu a kan wannan titin ba abokan tafiya ba ne.

In motar haya ce, je tasha tun jiya ka kama kujerar gaba, ko da ƙarin kuɗi. Kwanoni suna da yawa, mai jin jiri ya tauna citta, kada kuma ya cika ciki da mai kafin hawa. Kunnenka zai toshe a hanya, haɗiye yawu kawai zai buɗe.

In motarka ce, kai ta wurin bakanike kwana biyu kafin tafiya, ka tsaya a kansa ya duba birki da man birki, kuloci, lagireto da tayoyi har da safaya. Cika tanki a Jalingo, ka ƙara a Bali ko Serti. A sama kana iya rasa gidan mai a buɗe ka koma hannun 'yan bumburutu da tsadarsu.

Daga Mayo Selbe titin yana nannaɗe jikin dutse, gefe ɗaya bango, gefe ɗaya rami mai zurfi. Sa giya ta ɗaya ko ta biyu ka bar motar ta hau a hankali, ka kashe na'urar sanyaya mota don inji ya samu sauƙi. Yi ham kafin kowace kwana da ba ka ganin bayanta. Kada ka wuce babbar mota a kwana komai jan jikinta. Manyan motoci masu sauko da katako, shanu da ayaba suna buƙatar fili, ba su kuma iya tsayawa nan take.

Gargaɗi: in allurar zafi ta haura, nemi wuri mai faɗi ka tsaya, ja birkin hannu, sa dutse a bayan taya. Kada ka buɗe murfin lagireto yana tafasa. Jira ya huce. Masu tsayawa ɗaukar hoto a tsakiyar kwana kuma, don Allah a bari, akwai wuraren tsayawa masu faɗi a gaba kuma hangensu ya fi kyau.

6. Kwana biyun farko: bar jiki ya saba

Ka iso, ka sami masauki a Gembu ko Nguroje. Nguroje ta fi bisa, ta fi sanyi, ta kuma fi kusa da hanyar dutsen. Gembu ta fi masaukai da kasuwa. Kafin ka biya kuɗin ɗaki tambayi bargo da ruwan zafi, ba fanka ba.

Washegari kada ka ɗauki babban aiki. A wannan bisa iska ta ɗan fi sirantaka, za ka ji kana haki a tudun da a gida ba za ka kula da shi ba. Matasa masu shiga ƙwallon yamma da 'yan gari a ranar farko sun san zancen: minti goma sai a nemi canji. Yi tattakin awa biyu ko uku, sha ruwa da yawa ko ba ka jin ƙishi, ka sa hula, don rana a can tana ƙuna ba tare da ka ji zafinta ba.

Wuri biyu sun dace da waɗannan ranaku. Gonar shayi ta Kakara, inda ake yin shayin Highland, layi-layi a jikin tudu, tafiya a cikinta ba wahala, amma gonar kamfani ce, sai ka nemi izini a ƙofa. Sai kurmin Ngel Nyaki kusa da ƙauyen Yelwa, tsakanin Maisamari da Nguroje, kurmin tsauni da masu bincike na gida da na waje ke aiki a kansa shekara da shekaru. Mai son kallon tsuntsaye da birai ya je da sassafe, da ɗan jagora daga ƙauyen, ya kuma rage surutu.

Yanzu ga abin da baƙi ba sa ganewa. Filin nan da kake gani shimfiɗe kamar ba na kowa ba, kowane tudu da mai shi. Wuraren kiwo ne, da yawa an kewaye da waya, kuma maganar fili a Mambila magana ce mai zafi. Kada ka tsallake waya. Bi ta ƙofa, in ka buɗe ka rufe, don saniya ɗaya da ta fita ta shiga gonar wani tana iya jawo shari'a. In za ka ratsa kusa da ruga, yi sallama daga nesa ka jira a amsa. In an kai ka gaban ardo ko jauro, wato mai gari, cire takalmi, ka durƙusa: "Allah ya ba ka nasara, baƙi ne mu, mun zo ganin ƙasa, muna neman izinin wucewa." Goro ko ganyen shayi da sukari a hannu yana buɗe ƙofar da kuɗi ba ya buɗewa. Fulatanci ne harshen kasuwa a can, amma Hausa za ta kai ka kusan ko'ina. Kada ka ɗauki hoton mace, yaro ko garke ba ka tambaya ba, kada kuma ka tsaya kana ƙirga shanun mutum da yatsa.

Gargaɗi: saniya mai sabon maraƙi ta fi bijimi haɗari. Kewaye ta da nisa. Karnukan ruga kuma ba a guje musu da gudu, tsaya cak ka kira masu gida.

7. Doki da keke

Dawakin Mambila na aiki ne, da su ake bin shanu a tudu, ba na hawan salla ba ne. Ɗan jagoranka zai haɗa ka da mai doki. Ku yi ciniki a kan awa ko yini kafin ka taka likkafa, kuma sharaɗin ya haɗa da mai dokin ko yaronsa ya bi ka. Sa yatsa ka gwada majayi, in ya yi sako-sako sirdi zai juya da kai a gangara. Tsinin ƙafa kawai za ka sa a likkafa, don in ka faɗi kada ƙafa ta maƙale doki ya ja ka. A hawa ka sunkuya gaba, a gangara ka jingina baya ka sassauta linzami, dokin ya fi ka sanin inda zai taka. Sukuwa a ciyawar da ba ka san ramukanta ba, bar wa 'yan gari.

Keke sai wanda ya zo da nasa, mai giya da birki mai kyau, da faci da famfo. Hanyoyin ƙasa tsakanin ƙauyuka suna da daɗi da rani. Hular kwano dole.

8. Hawan Chappal Waddi

Hanya biyu ce. Akwai doguwa daga ɓangaren Gashaka, ta cikin kurmi, wadda kan ci mako ko fiye, ta ƙwararru ce. Wadda mafi yawan baƙi ke bi ita ce ta saman Mambila: daga Nguroje a hau babur a bi ta Mayo Ndaga zuwa Njawai, daga nan ƙafa ta karɓa.

Tafiyar babur ɗin kanta aiki ce, sa'o'i a kan duwatsu da gangara, wani wurin sai ka sauka ka taka. Ɗauki ɗan acaɓa da ya saba da layin, mutum ɗaya babur ɗaya, kaya a ɗaure da roba. Ku yanke kuɗin zuwa da dawowa tun a Nguroje, ku tsayar da ranar da zai dawo ɗaukarka, ka biya rabi ka riƙe rabi. Kafin sabis ya ɗauke, kira gida ka faɗi ranar da za a ji daga gare ka da sunan garin da ka shiga. Sauke taswirar yankin a wayarka tun kana gari, ka kuma duba alƙibla.

A Njawai za ka gabatar da kanka ga ma'aikatan gandu da mai gari, a nan kuma ake ɗaukar 'yan dako. Kada girman kai ya hana ka. Jakar da ka ɗauka da hannu ɗaya a tasha, bayan awa huɗu a tudu sai ka rantse duwatsu aka zuba mata. Ku yi magana a fili: nawa ne a yini, kwana nawa, wa ke ciyar da wa. Al'ada ita ce abincinsu a kanka yake, don haka ƙara shinkafa, taliya da mai a lissafi.

Ranar farko tafiya ce ta ratsa tudu da rafuka zuwa gindin dutse, a kwana a can. Kafa tanti a wuri mai ɗan bisa, ba a bakin rafi ba, ba kuma a kan hanyar shanu ba. Ruwan rafin yana da haske da sanyi, amma garke na sha a samansa. Tafasa shi sosai kafin ka sha, ko ka sa ƙwayar tsarkake ruwa. Nono da kindirmon ruga akwai daɗi, sai dai ɗanyen madara a tafasa tukuna. Dafa ruwan alwalar asuba tun dare ka zuba a fulas, za ka gode wa kanka. Matafiyi ne kai, kana da sauƙin ƙasaru.

Ranar ƙoli tashi da an sallame asuba. Bar tanti da kaya masu nauyi a ƙasa, ɗauki ruwa, dabino, rigar ruwa, tocila da usur. Taka a hankali, takun da za ka iya magana kana yinsa. Wanda ya fi kowa rauni shi ke gaba bayan ɗan jagora, ba a baya ba, kuma ba a rabuwa. Huta minti biyar zuwa goma duk awa, kada ka zauna har jiki ya yi sanyi. In ka ji wani wuri a ƙafa ya fara zafi, tsaya nan take ka manna filasta kafin ya zama bororo.

Ku sa wa kanku lokacin juyawa tun kafin ku tashi, misali azahar. In lokacin ya yi ba ku kai ba, ku juya, ko da ƙolin na gabanku kuna gani. Yawancin raunuka a saukowa ake samunsu, lokacin da gwiwa ta gaji kuma rana ta yi ƙasa.

Gargaɗi kan hazo: yana iya rufowa cikin 'yan mintuna. In ka daina ganin abokan tafiya, tsaya inda kake ka busa usur. Kada ka ce za ka nemo hanya, akwai wuraren da ciyawa ke ƙarewa a bakin rami.

Gargaɗi kan tsawa: a fili irin wannan kai ne abu mafi tsawo. In hadari ya haɗu ka ji rugugi, sauka daga kan ƙoli da doron tudu, nisanci bishiyar da ke tsaye ita kaɗai da shingen waya, ku kuma ɗan warwatsu maimakon ku cure wuri ɗaya.

Gargaɗi kan wuta: busasshiyar ciyawa ba ta jira. Share wuri kafin ka hura, kashe da ruwa har toka ta yi sanyi. In gobarar daji ta tunkaro, kada ka gudu sama, wuta ta fi gudu a hawa. Nufi inda ya riga ya ƙone ko bakin rafi.

In wani ya fara karkarwa ba ƙaƙƙautawa, maganarsa na sarƙewa, yana tuntuɓe, sanyi ne ya shige shi. Cire masa jiƙaƙƙun kaya, sa masa busassu, lulluɓe shi, ba shi shayi mai sukari, a sauko da shi.

A ƙolin kana kan iyaka ne, gangaren da ke gabanka Kamaru ce. Yi hotonka, ci dabinonka, kwashe ledarka, ka sauko ta inda ka hau.

9. In da sauran kwana: ƙasan Gashaka

A dawowa, daga Serti ana shiga ɓangaren gandun na ƙasa. Wata duniya ce daban: zafi, kurmi, koguna. A kogin Mayo Kam ana kamun kifi da fatsa da izinin gandu, akwai giwan ruwa da tsage, kuma rani ne lokacinsa, sa'ad da ruwa ya ja baya ya yi haske. Zo da sandarka da zarenka. Dajin yana da ɓauna, gwaggon biri da birai iri-iri, har da cimfanzi, amma ganinsu sai an yi haƙuri da sammako. Farauta haramun ce a dokar gandu, ko gwada zuwa da bindiga kada ka yi.

Gargaɗi: akwai dorina da kada a wasu gurabun. Kada ka shiga ruwa sai inda ma'aikaci ya nuna. Sa riga mai dogon hannu mai ruwan ƙasa, don ƙudan tsando yana bin baƙi da shuɗi, ka kwana cikin gidan sauro.

10. Lissafin kuɗi

Farashi a wannan layin yana bin kuɗin mai, don haka tambayi na makon da za ka tashi daga bakin ɗan garin nan naka. Abin da ba ya canzawa shi ne inda kuɗin ke tafiya. Kaso mafi tsoka sufuri ne, musamman baburan Njawai, waɗanda kan ba baƙo mamaki don tsadarsu, alhali in ka ga hanyar za ka ce sun yi ragi. Sai kuɗin shiga gandu da na rakiya, sai 'yan dako da abincinsu, sai masauki. Abinci shi ne mai sauƙi: dankalin Turawa, ayaba, fiya, masara da nama duk a can ake samar da su.

Tafiyar mutum huɗu ta fi ta mutum ɗaya araha nesa ba kusa ba, don ɗan jagora, tukunya da tanti duk raba su za ku yi. Riƙe tsabar kuɗi, ƙananan takardu, a rabe wuri biyu ko uku a jikinka. Masu POS suna Gembu, Nguroje da Serti, amma in sabis ya ɗauke sun tashi aiki, a ƙauye kuwa ba mai karɓar tiransifa. Bayan ka gama lissafi, ƙara kashi ɗaya cikin huɗu a kai don faci, ƙarin kwana da alherin da za ka yi wa waɗanda suka ɗauki kayanka.

11. Saukowa

Gangarowa daga Maisamari zuwa Mayo Selbe ta fi hawan haɗari. Sa giyar da ka hau da ita, ta ɗaya ko ta biyu, ka bar inji ya riƙe motar. Mai mota otomatik ya mayar da ita L ko 2. Taɓa birki kaɗan-kaɗan ka saki, kada ka ɗora ƙafa a kai tun daga sama har ƙasa, don in ya yi zafi sai ka taka ka ji ba komai. Ka ji warin ƙauri, tsaya a wuri mai faɗi ka ba shi rabin awa, kada ka watsa masa ruwa. Kada ka kuskura ka sa furi ko ka kashe inji don tsimin mai. In a motar haya kake ka ga direba na yin haka, yi magana da ladabi amma da ƙarfi: "Direba, don Allah a sa mata giya, ba ma sauri." Sauran fasinjoji za su mara maka baya.

Da ka isa gida, duba jikinka ko kaska ta maƙale, musamman bayan gwiwa da ƙugu. In zazzaɓi ya kama ka cikin makonnin da suka biyo baya, je asibiti a yi gwajin jini, ka kuma gaya wa likita cewa ka shiga daji mai sauro da ƙudan tsando, ka sha ruwan rafi.